Stanislaw Lem: Ɗan Bakin Iyaka Da Ya Yi Wa Na'ura Tatsuniya

Gaisuwa ga mutanen Madekali da Garu da cikin garin Malanbil a nan Benin, da 'yan'uwanmu na Gaya a tsallaken kogi a Nijar, da na Lolo da Kamba a ɓangaren Najeriya. Yau sharhinmu zai yi tafiya mai nisa. Za mu leƙa ƙasar Polan da ke tsakiyar Turai, mu ɗauko tarihin wani marubuci mai suna Stanislaw Lem, wanda aka haifa a 1921, ya rasu a 2006. Na san akwai mai cewa, ina ruwan manomin shinkafa a fadamar Madekali da Baturen da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta labarin taurari? Tambaya ce mai kyau, kuma ina roƙon mai ita ya kasa kunne zuwa ƙarshen shiri.

Irin rubutun da Lem ya shahara da shi ana kiransa ƙagaggen labarin kimiyya. Marubuci zai dubi wani ilmi da ake da shi a yau, ko wata na'ura da aka fara ƙerawa, sai ya tambayi kansa: in abin nan ya ci gaba a haka har shekara ɗari, yaya mutane za su zauna da shi? Wa zai ci riba, wa zai kwana ciki? Daga nan ya gina labari da mutane da rikici. Ina so in kawar da wata fahimta tun da wuri, domin na sha jin ta a bakin dattawa: wannan ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Gobe ta Allah ce. Shi kansa Lem bai yarda da masu cewa sun san abin da zai faru ba, har a 1971 ya fitar da littafi guda a kan wani taron masana hasashen gobe, inda ya nuna su suna ta jawabai a babban otal alhali garin da suke ciki yana cin wuta. Aikinsa tunani ne, irin wanda mai hankali kan yi kafin ya sanya ƙafa a ruwan da bai san zurfinsa ba.

An haifi Lem a birnin Lwow a watan Satumba na 1921. Mahaifinsa, Samuel Lem, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma gidansu Yahudawa ne masu rufin asiri. To ku saurari tarihin wannan birni. Kafin 1918 yana ƙarƙashin daular Ostiriya. Lokacin da aka haifi Lem yana cikin Polan. A watan Satumba na 1939 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shige shi. A tsakiyar 1941 Jamusawan Hitila suka kore su suka zauna. A 1944 Sobiyet suka dawo. Da aka gama yaƙi manyan ƙasashe suka sake zana taswira, birnin ya faɗa cikin Yukren ta Sobiyet, kuma tun 1991 yana cikin ƙasar Yukren mai 'yanci, ana kiransa Lviv. Mutum yana kwance a ɗakin da aka haife shi, tuta ta canza a kansa sau uku cikin shekara biyar. A ƙarshe aka kwashi iyalin Lem tare da ɗimbin 'yan Polan aka tura su yamma, suka sauka a birnin Krakow. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake taka Lwow ba.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙasarmu ta Dendi ɗaya ce kafin Faransa da Ingila su raba ta, yau ga ta a ƙasa uku, uwa a Gaya, 'ya a Madekali, kawu a Kamba. Mun ga yadda Benin da Nijar suka yi shekaru suna jayayya a kan tsibirin Lete, har sai da kotun duniya ta birnin Hague ta yanke hukunci a watan Yuli na 2005 ta ba Nijar. Mun ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, yadda aka toshe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi da kaya suna lalacewa, mai zuwa biki da mai zuwa jana'iza suka koma kwalekwale. Hukuncin da aka yanke a wani ofishi mai nisa shi ke sauya wa talaka hanyar zuwa gidan 'yar'uwarsa. Lem ya sha wannan darasi tun yana saurayi, kuma a ganina shi ya sa duk rubutunsa babu inda ya amince cewa masu iko sun san abin da suke yi.

A wani littafin tarihin ƙuruciyarsa da ya fito a 1966, ya ba da labarin wasan da ya fi so yana ɗan makaranta. Yakan zauna shi kaɗai ya yanka takardu, ya ɗinke su, ya yi musu hatimi da lamba da sa hannu, ya ƙirƙiro fasfo da takardun izinin shiga fadar wata masarauta da babu ita a duniya. Wasan yara ne kawai. Bayan 'yan shekaru Jamusawa suka shigo suna farautar Yahudawa gida gida, kuma abin da ya tsirar da shi, da ikon Allah, takardun jabu ne masu ɗauke da wani suna. Ya kuma samu aiki a wani kamfanin Jamusawa mai tara tsofaffin ƙarafa, yana kanikanci da walda. Shi da iyayensa sun tsira, amma akasarin danginsu an hallaka su. Lem bai cika son maganar wannan zamani a fili ba. Sai dai duk mai karanta littattafansa da natsuwa zai ga abin yana ɓullowa ta wasu kafofi. A cikin wani littafinsa na 1968, mai suna Muryar Ubangida in an mayar da shi Hausa, labarin masana ne da aka tara a hamadar Amurka domin su fassara wani saƙo da ake zaton ya zo daga taurari, amma a tsakiyar labarin wani daga cikinsu ya tsaya yana tuna ranar da aka jera su jikin bango ana harbewa ɗaya bayan ɗaya. Masu binciken rayuwarsa sun nuna cewa abin da idon Lem ya gani a Lwow a 1941 ne ya ɗora wa wannan mutum.

A Krakow ya ci gaba da karatun likita da ya faro a Lwow, amma da ya zo jarrabawar ƙarshe sai ya ƙi zama, domin a lokacin duk wanda ya karɓi takardar likita ana iya jefa shi aikin soja. Ya juya ga alƙalami. A 1948 ya kammala littafi a kan wani matashin likita a asibitin masu taɓin hankali, wanda Jamusawa suka zo suka kashe majinyatansa. Babu tauraro ko kumbo a ciki, labarin ƙasa ne tsantsa. Hukumar tace rubuce-rubuce ta gwamnatin gurguzu ta ƙi shi, ta yi ta sa shi gyara da ƙari, bai fito ba sai 1955. Dattawanmu na Benin sun san ɗanɗanon irin wannan mulki. Sun tuna lokacin da Janar Kereku ya ayyana aƙidar Markisanci a 1974, aka sauya wa Dahomey suna zuwa Benin a 1975, da yadda mutum kan duba hagu da dama kafin ya buɗe baki, har zuwa babban taron ƙasa na Kwatano a 1990. Polan ta zauna cikin irin wannan hali fiye da shekara 40.

To a nan ne labarin taurari ya zame wa Lem mafita. Littafin 'yan sama jannati da ya fitar a 1951 ya samu karɓuwa, kuma shi da wanda ya biyo baya a 1955 sun bi layin gwamnati, suna nuna gobe mai daɗi a ƙarƙashin gurguzu. Daga baya ya riƙa jin kunyarsu, bai ɓoye ba. Amma bayan 1956, da aka ɗan sassauta, ya gane cewa in ka ɗauki azzalumin sarki ka kai shi wata duniya mai nisan shekara dubu, ka mayar da shi mutum-mutumin ƙarfe, mai tacewa zai sa hannu ya wuce, mai karatu kuwa ya san da wa ake. Cikin shekara goma sha biyu da suka biyo baya ya zubo littattafan da suka sa duniya ta san shi.

Mafi shahara shi ne Solaris, wanda ya fito a 1961, shekarar da Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a kumbo, shekara ɗaya bayan Benin da Nijar da Najeriya sun karɓi mulkin kai. Bari in tsaya a kansa, domin ya cancanta. Solaris wata duniya ce mai rana biyu, ja da shuɗiya. Kusan dukkanta teku ce guda, amma ba ta ruwa ba. Wani abu ne mai kauri mai motsi, kuma alamu sun nuna rayayye ne, mai yiwuwa ma yana tunani. Yakan tayar da gine-gine masu tsawon kilomita da yawa daga jikinsa, su tsaya na ɗan lokaci, su narke. Mutane sun shafe shekaru aru-aru suna nazarinsa. Sun cika ɗakunan karatu da littattafai, malamai sun rabu mazhaba mazhaba, kowa da sunayen da ya laƙaba wa abin da ya gani, amma ko gaisuwa ɗaya ba a taɓa ƙullawa da tekun ba.

Sai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Kris Kelvin ya sauka a tashar binciken da ke shawagi a saman tekun. Ya tarar malaminsa ya kashe kansa, sauran mutum biyu kowa ya kulle ɗakinsa cikin firgici. Da ya farka daga barci sai ya ga matarsa Harey zaune kusa da shi, matar da ta kashe kanta shekara goma da suka wuce bayan wani saɓani da suka yi, wanda tun lokacin yake ɗauke da nauyinsa a zuci. Ashe masanan sun harba wa tekun irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, shi kuwa ya shiga kawunansu suna barci, ya zaƙulo abin da kowa ya fi ɓoyewa, ya ba shi jiki da jini, ya aiko masa. Ba a san ko kyauta ce ba, ko azaba, ko gwaji, ko kuwa tekun bai ma san akwai wanda yake cutarwa ba. Abin da ya fi taɓa ni a littafin shi ne ita Harey ɗin. A hankali ta gane cewa ita ba waccan matar ba ce, an gina ta ne daga abin da mijin ya tuna, ga shi kuma tana jin zafi, tana son sa da gaske. A ƙarshe ita ta nemi a kawar da ita.

Labaran irin wannan da Amurkawa suka saba yi, baƙin wata duniya ko dai su zo da yaƙi a ci su, ko su zo da aminci a yi musabaha. Lem ya ƙi duka biyun. Abin da yake cewa shi ne ɗan Adam yana fita neman baƙo, amma bai shirya haɗuwa da wanda bai yi kama da shi ba, kuma bai gama sanin abin da ke cikin ƙirjinsa ba ya tafi auna sammai. Duk wanda ya taɓa ganin ƙwararru sun sauko daga mota mai sanyi da takardun tambayoyi, sun yi kwana biyu a ƙauye, sun koma sun rubuta rahoto mai kauri a kan mutanen da ba su ji harshensu ba, zai gane ɗakin karatun Solaris.

Akwai abin da ba zan rufe a kai ba. A cikin baƙin da tekun ya aiko akwai wata ƙatuwar mace baƙar fata, kuma yadda Lem ya siffanta ta irin kallon da Turawan wancan zamani ke yi wa 'yan Afirka ne, kallon abin tsoro maras magana. Ya ɓata mini rai lokacin da na karanta, har yanzu kuma yana ɓata mini. Mutumin da ya rubuta littafi guda a kan yadda muke kasa ganin wanda ba irinmu ba, shi ma ya kasa a shafinsa. Wannan bai rushe littafin ba, amma mai karatu ɗan Afirka yana da haƙƙin ya faɗa. An yi fim ɗin Solaris a Rasha a 1972 a hannun Andrei Tarkovsky, aka sake yi a Amurka a 2002 da George Clooney. Lem bai gamsu da ko ɗaya ba, yana ganin an bar tekun an koma labarin soyayya da na gida.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so masu saurare su riƙe. A 1965 ya fitar da Cyberiada, tarin labaran wasu maƙera biyu, Trurl da Klapaucius. Su kansu mutum-mutumi ne, aminan juna masu kishin juna, suna yawo daga masarauta zuwa masarauta suna ƙera wa sarakuna abin da suka nema. Wanda ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarsa zai ji kamar a gida yake: ga sarki mai haɗama, ga mai wayon da wayonsa ke komawa kansa, ga dariya, ga hikima a ƙarƙashinta. Bambancin kawai, maimakon kura da zaki, injuna ne da lissafi.

A ɗaya daga cikin labaran, wani ɗan fashin sararin samaniya ya tare maƙeran nan biyu. Shi wannan ɗan fashi mai digiri ne, ba ya son zinariya ko azurfa, ilmi yake so, labari na gaskiya, komai yawansa. Suka ce to. Suka ƙera masa wani ɗan mitsitsin aljanin inji, suka zaunar da shi a bakin wata ganga mai iska a ciki. Ƙwayoyin iska kullum suna karo da juna ba tsari, kuma cikin wannan hargitsi lokaci lokaci sukan jeru su ba da magana mai ma'ana. Aikin aljanin shi ne ya tsinto duk wadda ta zama gaskiya ya rubuta a kan zaren takarda. Takarda ta fara fita. Duk abin da ke kanta gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya, sai dai babu wanda zai amfane shi da komai. Ɗan fashi ya duƙufa karatu, yana cewa na gaba ne zai zama mai amfani, takarda tana ta nannaɗe shi har ya kasa motsi, maƙera suka yi tafiyarsu. An rubuta wannan shekaru da dama kafin intanet ta shiga gidajen mutane. Yau ku dubi matasanmu a bakin tasha ko a rumfar mai cajin salula, kai a sunkuye, yatsa yana ta jan allo, saƙo yana bin saƙo a WhatsApp da TikTok. Namu ma ya fi na ɗan fashin muni, domin shi aƙalla an tace masa gaskiya. A lokacin rikicin iyakar nan kowa ya ji irin muryoyin da aka riƙa turawa, wannan ya ce an buɗe gada, wancan ya ce sojoji na tafe, 'yan kasuwa suna tafka asara a kan maganar da ba a san wanda ya fara ta ba.

A cikin littafin dai akwai labarin injin da Trurl ya ƙera mai tsara waƙa, wanda ya fi duk mawaƙan ƙasar har suka shiga tashin hankali. A 1965 abin dariya ne. Yau ɗalibi a Parakou ko Sakkwato yana ba manhajar ƙirƙirarriyar basira umarni ta rubuta masa aikin makaranta. Kuma Lem bai tsaya ga tatsuniya ba. A 1964 ya fitar da wani babban littafin nazari, Summa Technologiae, inda ya tattauna injin da zai yi tunani, da na'urar da za ta ruɗi idon mutum da kunnensa da fatarsa har ya kasa bambance duniyar gaske da ta ƙarya, da matsalar yadda za a nemo abu ɗaya mai amfani a cikin tulin bayanai. A wani labarin na 1961 ya kawo kantin da babu littafin takarda, sai allo mai shafi ɗaya da ake taɓawa rubutu ya sauya. Mutane suna son lissafa waɗannan su ce ya hango. Ni ba wannan ne ya fi burge ni ba, domin akwai abubuwan da ya zata ba su faru ba. Abin da ya dame shi kullum shi ne mutumin da zai riƙe na'urar, kuma ya riga ya ga abin da ƙasa mai ilmi da injiniyoyi da jiragen ƙasa masu zuwa kan lokaci ta aikata da su a garinsu.

Haka a wani littafin na 1964, wani ƙaton kumbon yaƙi ya sauka a wata duniya neman ɗan'uwansa da ya ɓace. Abin da ya gagare shi ba dodo ba ne, wasu mitsi-mitsin injuna ne kamar ƙudaje, ba su da shugaba, ba su da hankali ɗaya ɗaya, amma in suka taru suka zama gajimare sai su shafe wa mutum duk abin da ke ƙwaƙwalwarsa. Babu wanda za a yi sulhu da shi, babu wanda za a kama da laifi. Mu a wannan yanki jirgi maras matuƙi ya daina zama labari. Amurka ta yi sansaninsu a Agadas har zuwa 2024. A watan Disamba na 2023 irin wannan jirgi na sojan Najeriya ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumomi suka ce aƙalla mutum 85 sun rasu, Allah ya jiƙansu. Tambayar wa ya gani, wa ya yanke hukunci, wa zai amsa, ita ce Lem ya ɗora a takarda shekara kusan 60 kafin wannan dare.

Ya kamata in faɗa wa masu saurare cewa Lem bai yi imani da addini ba, ya kuma faɗi haka da bakinsa, yana danganta shi da irin zaluncin da ya gani. A nan hanyarmu ta rabu da tasa. Amma mumini zai iya ɗaukar abu ɗaya a wurinsa ba tare da ya rasa komai ba: ya yi ta nanata cewa hankalin ɗan Adam yana da iyaka, a zamanin da gwamnatocin gabas da na yamma duk suke cewa kimiyya za ta warware komai.

Bai kasance mai sauƙin zama ba. Ya soki marubutan Amurka na wannan fanni da cewa akasarinsu kasuwa suke bi, har ƙungiyarsu da ta ba shi matsayin girmamawa a 1973 ta janye a 1976. Wanda ya ware ya yaba a cikinsu, Philip K. Dick, shi ne kuma ya rubuta wa hukumar FBI takarda a 1974 yana cewa Lem ba mutum ɗaya ba ne, wani kwamitin 'yan gurguzu ne ke rubutu da sunan. Da aka kafa dokar soja a Polan a Disamba 1981, Lem ya fita zuwa Balin ta Yamma, daga nan ya zauna a Biyana, ya dawo Krakow a 1988. Littafinsa Fiasko, na tsakiyar shekarun 1980, labari ne na mutanen da suka je gaida wata duniya suka ƙare da ragargaza ta domin ta ƙi amsa musu. Bayan wannan zamani ya daina ƙaga labari, ya koma sharhi a jaridu, yana yawan gargaɗi a kan intanet. Ya rasu ranar 27 ga Maris 2006, kuma majalisar dokokin Polan ta keɓe shekarar 2021 domin tunawa da shi.

Duk wannan aiki da harshen Polanci ya yi shi, harshen ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 40 ba. Bai koma Ingilishi ko Rashanci don a san shi ba. Duniya ce ta biyo shi, aka fassara shi cikin harsuna fiye da 40, aka sayar da kwafi miliyoyi masu yawa. Masu jin Hausa a yau sun fi masu jin Polanci yawa. To ina namu?

Ba daga sifili za mu fara ba. Abubakar Imam ya nuna tun a Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce cewa Hausa tana ɗaukar tafiya zuwa inda ƙafa ba ta zuwa. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Ƙofar ta buɗe tun lokacin, masu shiga ne suka yi ƙaranci. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga shekarun 1980 ya haifar da marubuta masu yawa, mata musamman, kuma ba na cikin masu raina labarin soyayya da zaman aure, domin su suka riƙe mana karatun Hausa. Amma fili ya fi haka faɗi. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya da ke Amurka, ta rubuta labarin da ta kafa a Nijar ta shekarar 2070, da Ingilishi. Yarinyar da ke Gaya ko Madekali ba za ta karanta gobenta da harshen da take mafarki da shi ba.

Ga kayan labari zube a ƙofar gidanmu. Kogin nan da ke cika ya cinye gonakin shinkafa wata shekara, wata shekara kuma ya janye ya bar yashi, yaya zai kasance a 2080, kuma wa zai riƙe makullin madatsun da ake ginawa a samansa? Ranar da aka ce babu jami'in duwan a kan gada sai na'ura mai duba ƙwayar ido, ina makomar tsohuwar da ba ta da takardar haihuwa a ko ɗaya daga ƙasashen uku? In kuɗin takarda ya ƙare, sefa da naira duk suka koma cikin salula, me zai faru da ɗan canji a kasuwar Malanbil, kuma me zai faru da gari ranar da aka yanke layi? Injin ban-ruwa da maganin feshi da salula duk sun iso mana a cikin kwali, an ƙera su a wani wuri, an yi tunaninsu a wani wuri, mu sai dai mu biya mu koya. Marubuci ba zai hana su zuwa ba. Abin da zai iya shi ne ya sa jama'a su yi gardama a kansu a dandali tun kafin su sauka daga mota.

Kuma ba dole sai an jira maɗaba'a ba. A yankinmu mai saurare ya fi mai karatu yawa, kuma irin labaran maƙeran nan biyu da baki suka fi daɗi. Malaman makaranta da ɗalibanmu masu Faransanci za su iya neman Solaris, domin an fassara shi zuwa Faransanci tun shekarun 1960, kuma ta wannan fassara ce ma ya fara shiga Ingilishi a 1970. Masu wasan kwaikwayon rediyo su gwada ƙaga nasu, da Hausa da Dendi da Fulatanci, minti goma goma. Wanda ya rubuta, ya aiko mana nan tasha, za mu karanta a wannan fili mu tattauna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe littafin Umaru Dembo mu ga abin da Bahaushe ya hango a sama a 1969. Kafin nan, a gaida mutanen gida, a kuma yi hattara da kogi, masu ƙetarawa da dare.